Jirin Barau

Sati uku ke nan Barau, direban tirela a Ijora, bai taɓa sitiyari ba. Yana jingine da bango a ɗakinsu na Agege, jiri na ɗibarsa, kunnensa na ƙara.

Matarsa Azumi ta tsaya a kansa. "Likita ya ce maganin ƙarfin mazan da kake sha a ɓoye ne. Ka daina."

Ya dubi tabarma, zuciyarsa kamar ba tasa ba. "In na daina, me zan tsinana miki? Ko in sawwaƙe miki?"

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Baban Mubina, ka taɓa jin na yi ƙorafi?"



Ta sunkuyo. "Dafa ni ka tashi, ruwan wankanka na hucewa."