Wanda Ke Yanke Wayar Eriya

Karo na biyu ke nan a mako guda da Hosana ta tarar da wayar eriya a yanke. Ba cin ɓera ba ne. Aikin almakashi ne, sumul.

Saura kwana uku a fara nuna wani sabon katun a talabijin. Dominsa ta ɗauki hutu daga wurin aikinta a Kuru, ta sayo sabuwar talabijin ta kawo gidan iyayenta a Anguwan Rukuba.

Mahaifinta, Malam Mwadkon, tsohon malamin Turanci ne. Ciwon suga ya tafi da idanunsa shekara uku da suka wuce. Tun daga lokacin, kullum bayan abincin rana, matarsa, Mama Suzana, kan yi addu'a, ta ɗauko ɗaya cikin littattafan Turanci biyar da ya saya gab da makancewarsa, tana dubawa tana juya masa da Hausa. Labarin wata tsohuwa ce mai masauki a kan dutse. Dodanni gajiyayyu kan sauka wurinta, ta zuba musu gwate mai zafi, su faɗa mata damuwarsu. Hosana na alfahari da uwarta, macen da ba ta taɓa shiga aji ba, ta koya wa kanta karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa.

Yanzu an mai da littattafan katun. Baba ba zai gani ba, amma zai ji. Wannan ne kawai burin Hosana.

Da fari ta zargi Ejiofor mai gyaran lantarki.

"Oga Ejiofor, ko dai kai ke yankewa don a yi ta kiranka?"

"Anti, ni a rufin gida nake aiki," ya ce. "Wannan yanka a cikin falo ne, can ƙasa kusa da bango. Ki duba mutanen gidanki."

Washegari batiran rimot suka yi ɓatan dabo.

Sai hankalinta ya koma kan Mama. Ranar da ta nuna mata tallan katun ɗin a waya, tsohuwar cikin katun ɗin na zuba wa wani dodo shayi, Hosana ta ce, "Ka ji Turawa, gwaten ma sun mai da shi shayi." Mama ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta shige kicin. Ko a zumuntar mata aka ce mata kallon dodanni bai dace da gidan masu bi ba? To, me ya hana ta faɗa a fili?

Ranar Asabar da safe Mama ta tafi majami'a. Hosana ta buɗe gwangwanin ɗinkin Mama. Zare na nan, allura na nan, babu almakashi.

Daga falo ta ji ƙaras.

Baba ne a durƙushe, hannu ɗaya yana shafa bango, ɗayan riƙe da almakashin. Batira biyu sun turo aljihun rigarsa.

"Hosana ce? Turo ƙofar." Ya lalubi kujera ya zauna. "Littattafan nan na karance su tas kafin idona ya rufe, ban dai faɗa wa uwarki ba. Babu gwate a ciki. In akwatin nan ya yi magana yau, gobe ba za ta sake buɗe su ba."

"Ban gane ba, Baba."

"Uwarki ba ta iya karanta Turanci ba, 'yata. Shekara uku tana juya shafi tana ƙago mini labarin daga kanta, kuma nata ya fi nasu daɗi."