Ɗinkin Kan Rago

Ranar da mushe, malaminmu na boko, ya kore ni daga lakwal, sai da ya ranƙwashe ni, ya ce kaina ƙwarya ce, ba komai ciki. Na iske Baba a kasuwar Takieta yana babbakar kawunan raguna, ƙauri ya cika rumfa. Da ya ji, ya yaye fatar wani kai, ya ɗora yatsana inda ƙashi ya kama ƙashi.

“Taɓa nan, ɗinki ne. Wa ke ɗinke jaka ba komai ciki?”

Ya fasa da gatari, ga ƙwaƙwalwa dam.

“Rago ke nan, balle ɗana.”

Ba su maishe ni lakwal ba, a dako na yi furfura. Amma maganar mushe, har gobe ban yarda ba.