Ɗankwalin Iya Dije

Tun da aka kafa sabuwar doka, ba a sabunta wa ma'aikacin jin daɗin jama'a lasisi sai ya yini a jikin ɗaya daga cikin waɗanda yake kula da su. Bana Malama Asabe ta faɗa kan Iya Dije, tsohuwar makauniyar da take shirin mayarwa gidan gajiyayyu, don a ganinta ba ta da kowa.

Jami'in horo ya miƙo mata ɗankwalin da Iya ta yini da shi jiya. "Ɗaura, Malama, ki shiga jikinta. Kada ki tsorata."

Tana ɗaurawa, duniya ta yi baƙi ƙirin. Sai kuma unguwa ta buɗe a kunnenta. Ga takun Ladi mai ƙosai, tana jan silifas. Ga tarin liman ta bayan katanga, yana cewa, "Iya, an tashi lafiya?" Da azahar kwanukan abinci suka fara shigowa daga maƙwabta, tana gane kowane gida da ƙamshin daddawarsa. Mata na zuwa neman shawara, ana ɗora mata jarirai a cinya tana sa musu albarka.

Asabe ta kwance ɗankwalin, fuskarta sharkaf da hawaye. "Ikon Allah! Ashe gidan nan a cike yake."

"To, yaushe za a ɗauke ta?" in ji jami'in.

"A ɗauke ta? Wa za a bar wa unguwar?"

Ta miƙe za ta fita, idanunta a buɗe tar, amma hannunta na laluben bango.