Kafaɗar Auta

Auta ya ɗaga hannunsa na dama a hankali, yana bin bango da yatsu kamar mai laluben makunnin fitila. Mahaifiyarsa na zaune gaban keken ɗinkinta ta zuba masa ido. Tun safe ba ta taka keken ba, rigar mutane na nan a cinyarta da allura a soke.

Ɗaga ƙarfe ne ya ja masa. Yana kwance a benci yana tura sandar ƙarfe sama kafaɗar ta yi ƙara, likita ya ce jijiya ce ta tsage. Hannun ya daɗe rataye a wuya. Da aka kwance, sai aka koma jan roba da ya ɗaure a marikin ƙofa, da lilo da hannu kamar mai dama kunu, da ƙanƙara cikin tawul idan an gama.

Duk ta haddace. Kusurwar nan da yake motsa jiki ta san ta kamar yunwar cikinta: shuɗiyar shimfiɗa, madubi mai tsaga a gefe, fanka mai karkataccen wuya. Idan ya ja roba, ita ma sai ta tsinci hannunta yana ja. Ranar da ƙanwarta ta shigo ta same ta a haka, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta tambaya ko Yaya ma damtse take son tarawa. Sannan ta sassauta murya ta ce ta ƙyale yaron nan, ya yi gemu, ta daina kashe kanta a zaune. Ita dai ta ce gemun ai ba a kafaɗa ya fito ba.

Magana yana yi, mai yawa ma, amma ba da ita ba. Tun ranar da tsoro ya sa ta kwashe ƙarafansa na farko ta ba mai sayen tsofaffin ƙarafa, bai sake ce mata uffan ba. Ba ta yi ƙorafi ba. A bar ta ta gan shi da safe, ta ga ya ci ya ƙoshi, ya ishe ta.

Sai ga maganar gasa. Ya faɗa yana murmushi cewa ya warke, zai koma babbar sanda. Da bakinsa ya ce likita ya hana, wai idan jijiyar ta sake tsagewa sai an yi aiki, kuma mai yiwuwa hannun ba zai ƙara wuce kansa ba har abada. Ya faɗi haka yana dariya. Ita kuwa abinci ya daina wuce mata. Ta ɗinka hannun riga a baibai har sau nawa, mai rigar ta zo ta yi faɗa ta tafi.

Ranar da ya sa zai ɗaga babbar sandar, ta riga shi zama. Ta goge tabarau ta maida. Ya shigo da fara'arsa, ya jera faifan ƙarfe a sandar, wannan gefe da wancan, kowanne na faɗawa da ƙarar da take ji har cikin haƙoranta. Ya juya hannun baya, ya juya gaba, ya ce garau yake ji, ko ɗigon ciwo babu.

Sai ya kai hannun hagu ya ja fatar kunnensa.

Haka ya yi yana ƙarami ranar da ya faɗo daga katanga ya ce bai ji komai ba, alhali ƙashi ya goce. Haka ya yi ranar da ƙusa ta shige masa ƙafa. Duk duniya ba wanda ya san wannan sai ita, shi kansa bai san yana yi ba.

Ya zauna a bencin. Ya shafa farin gari a tafinsa. Ta san idan ta yi magana ya gane, ko wannan ɗan ganin da take samu zai iya toshe mata shi. Ya kwanta, ya kama sandar.

Ta faɗa masa, a gajarce, da kalmomin da suka zo mata.

Ya saki sandar ya tashi zaune. Ya matso kusa, kusa sosai, har tana ganin gumin da ke karan hancinsa. Ya ƙanƙance ido, ya maimaita maganar a hankali: “Kafaɗarka na ciwo. Ka ja kunnenka. Don Allah kada ka ɗaga.”

Ya taɓa kunnen, ya dubi yatsunsa. Dariyar da ya yi ba ta yi ƙarfi ba. Ya miƙe ya zare faifan ɗaya bayan ɗaya ya jingine su a bango, ya ɗauko robarsa.

“Gaskiya ne, tana ciwo,” ya ce. “Gasa ta jira. Na gode, baiwar Allah, ko ke wace ce.”

Ta kai yatsa ta shafa kafaɗar, sai sanyin gilashi. Saƙon da ta rubuta masa ya riga ya haura sama ya ɓace cikin na dubban masu kallonsa kai tsaye, ƙarƙashin sunan aro da hoton fure, a wayar da take jinginawa jikin keken tun shekarar da ya bar gidan.