Wanda Ya Toshe Layi

Guguwar ta tsaya cak a fuskar kwamfuta, rabinta ja, rabinta dishi-dishi. Farfesa ya ja linzamin kwamfutar don ya juya ta. Sai da ya kurɓi shayi sau uku kafin ta motsa, kuma ta motsa ne ta inda bai nufa ba.

Shekara uku yana gina guguwar nan da lissafi. Tana zaune cikin babbar na'ura a wani gari mai nisa, shi hotonta kawai yake jawowa ta intanet. Ƙarfe biyu kwamitin bincike zai zauna. In ba ta juya a gabansu ba, wani sashe za a ba ɗakin gwajinsa.

Ya yi maganin da ya saba: ya kife murfin kwamfutar da ƙarfi, ya buɗe, ya sake shiga. Ba ya ma wahalar rubuta komai, kwamfutar ta haddace masa lamba da kalmar sirri tun tuni. Abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Aka kira injiniyar sashen, wadda yake ce wa "yarinyar waya" duk da furfurarta. Ta canza igiyar intanet, ta rage kaifin hoton, sannan ta leƙa jerin masu amfani da babbar na'urar.

"Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ne ya toshe layin. Mai lamba ɗari da sha huɗu. Ya shiga sau talatin da bakwai bai fita ko sau ɗaya ba, kuma kowace shiga tana nan tana jan hoto."

"Talatin da bakwai! Wane jahili ne wannan?"

"Bari in duba sunan, sai mu..."

"Ba na son jin sunansa! Yarinyar waya, aikinki rufewa, ba surutu ba."

Ta dube shi, ta ce rufe lamba sai da takarda. Ai kuwa ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi, don Farfesa na son takarda. Ya rubuta cewa irin waɗannan mutane ne suka kashe ilimi, a rufe lambar har ƙarshen zango, ba roƙo, ba ɗaukaka ƙara. Ya sa hannu, ya kai wa shugaban sashe da ƙafarsa, ya tsaya a kansa har ya buga hatimi.

Biyu saura kwata aka rufe. Nan take layi ya saki, har ana jin shewar malamai daga ofisoshi.

Kwamiti ya zauna. Farfesa ya gyara tabarau, ya fara ba su labarin ɓata-garin da ya yi maganinsa yau, suka jinjina masa. Cike da alfahari ya haɗa kwamfutarsa da majigi, ya buɗe murfin.

A jikin bango, da manyan baƙaƙe, kowa ya karanta: "An rufe lambarka, ɗari da sha huɗu, bisa umarnin Farfesa."