Wayar da Ta Zame a Fadamar Auyo

"Dubi wannan aika-aika!" Alhaji Baƙo ya daka tsawa, yana tsaye cikin taɓo, riƙe da guntun waya. Jirginsa na feshi mara matuƙi yana kife a fadamar Auyo, ko gonar farko bai tsallake ba.

Ya nuna wa Yunusa, mai gyaran jirgin, guntun wayar.

"Ko ni da ba sana'ata ba, na san wayar jirgi mai silli-silli ce! Ita maƙalin ƙarfen nan na bakin waya yake kamawa gam idan an matse. Kai kuwa ka matse shi a kan sandararriyar wayar gida, jijjiga kaɗan ta zame! Haka aka koya maka, mutumin banza?"

"Na sani, Alhaji. Da gangan na sa ta."

Manoman da suka taru suka matso kusa. Yunusa ya ci gaba.

"Kafin in taɓa wayar na ga abin da ka ɗura a tankin. Ba maganin ƙwari ba ne, mai ƙona shuka ne. Gonar da ka saita wa jirgin kuma, shinkafar marayun ƙaninka ce."