Hawayen da Na Sa Kaka Ta Share

Ina aji biyu na sakandare malaminmu ya kai mu bakin ruwan Warra da kyamarar bidiyo ta aro, zai koya mana ɗauka. Ni ya ba aikin sa ido kan kada wani abu ya canza. Ya ce, "In muka yanke muka sake ɗauka, komai ya zauna yadda yake, har ɗaurin kallabi. In ba haka ba, idan an haɗa mai kallo zai gane."

Kakata muka samu tana shanya kifi. Malam ya roƙe ta ta nuna mana inda garinsu yake kafin ruwan dam ya cinye shi. Ta miƙa hannu can tsakiyar tabki, ta ce, "Ga shi can, inda jirgin nan yake. Kabarin innata na ƙarƙashinsa."

Malam ya matso da kyamara kusa da fuskarta, ya ce ta maimaita. Ta maimaita, sai ga hawaye yana gangarowa.

Na zabura, ina murna na kama kuskure. "Malam, a tsaya! Ɗazu babu hawaye. Kaka, share fuskarki."

Kaka ta dube ni, ta ce, "To, mai gidana." Ta share da gefen zane, ta sake nuna ruwan.

Kaset ɗin na wurina har yau. Haɗin ya yi kyau, ba mai gane an yanke. Sau ɗaya tak na taɓa ganin Kaka na kukan uwarta, ni kuwa na ce ta share.